Yawon Buɗe Ido a Jirgin Ruwa: Riba ko Asara?

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce tafiya mabuɗin ilimi, sai dai kowace tafiya da guzurinta, kuma guzuri ba ya samuwa sai da gumi. Saboda haka duk wanda ya tara 'yan kuɗinsa domin ya je ya ga wata ƙasa, wajibi ne ya tsaya ya auna hanyar da zai bi, don kada ya dawo gida yana cizon yatsa. Daga cikin hanyoyin da kamfanonin yawon buɗe ido suka fi tallatawa akwai tafiya a cikin jirgin ruwa mai ɗakunan kwana, wanda ke bin kogi sannu a hankali yana tsayawa a wuraren tarihi. Masu tallar kan ce babu hanyar da ta kai ta sauƙi da rangwame. Masu suka kuwa na ganin cewa almubazzaranci ne kawai aka yi wa kwalliya. Wurin da ya fi dacewa a gwada waɗannan maganganu biyu shi ne Kogin Nilu na ƙasar Masar, musamman tsakanin garuruwan Luksor da Aswan, ganin cewa Masar ƙasa ce da Hausawa da dama ke zuwa neman ilimi a Azhar ko neman magani ko fatauci, wasunsu kuma kan yi sha'awar ganin kufan Fir'aunoni kafin su komo.

Ra'ayin da wannan rubutu ya tsaya a kai shi ne, jirgin ruwan yawon buɗe ido ya cancanci kuɗinsa ga wanda ya ɗauke shi a matsayin masauki mai tafiya, amma asara ne ga wanda ya ɗauke shi a matsayin abin hawa. Ga dalilai.

Yadda Tafiyar Take

Tsakanin Luksor da Aswan akwai tazarar kilomita 200 da 'yan kai. Kogin Nilu daga kudu yake gangarowa zuwa arewa, don haka jirgin da ya tashi daga Luksor zuwa Aswan gaba yake yi da ruwa, kuma bisa al'ada kwana huɗu ake tsara masa, wanda ya taso daga Aswan kuwa ruwa yake bi, kwana uku ake ba shi. A kan hanya jirgin kan ratsa madatsar ruwa ta Isna, inda yake shiga wani gurbi mai ƙofofi biyu, a ƙara ruwa ko a rage har ya yi daidai da na gaba, sannan a buɗe masa ya wuce. Daga nan sai Idfu, inda gidan bautar Horus yake, wanda aka fara ginawa a shekara ta 237 aka kammala a shekara ta 57 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sai kuma Kom Ombo, mai tagwayen wuraren bauta a bakin ruwa da ɗakin ajiye gawarwakin kadoji da mutanen da suka busar. A Luksor akwai Karnak da Kwarin Sarakuna, inda Howard Carter ya gano kabarin Tutankamun a 1922. A Aswan kuma akwai babbar madatsar ruwa da aka gina tsakanin 1960 da 1970, da gidan bautar Fila wanda aka kwashe dutse-dutse aka mayar wani tsibiri don kada ruwa ya cinye shi.

Wannan sana'a ba ta yau ba ce. Tun a 1869 wani Baturen Ingila, Thomas Cook, ya ɗebo matafiya ya zaga da su Nilu a jiragen ruwa masu aiki da tururi, kuma daga wannan lokaci ne aka saba da tsarin biyan kuɗi a dunƙule, wato kuɗin ɗaki da na abinci da na ja-gora duk a haɗe.

Hujjar Masu Yabo

Abu na farko da ya kamata a yarda da shi shi ne, ba adalci ba ne a kwatanta kuɗin jirgin ruwa da kuɗin tikitin jirgin ƙasa kawai. Wanda ya biya kuɗin kwana huɗu a jirgin ruwa ya biya kuɗin ɗaki na dare huɗu, da abinci sau uku a kullum, da sufuri, sau da yawa har da ladan ja-gora mai bayanin tarihi. Idan mutum ya zaɓi tudu, dole ya kama otal a Luksor, ya kama wani a Aswan, ya sayi abincinsa, ya yi shatar mota da za ta tsaya masa a Idfu da Kom Ombo, sannan ya nemi ja-gora a kowane wuri ya yi ciniki da shi. In aka tattara waɗannan duka, kuma aka ce otal ɗin ya zama daidai da darajar ɗakin jirgin, sai a tarar tazarar da ke tsakanin kuɗin biyu ta ragu ƙwarai.

Na biyu shi ne hutu. Matafiyi sau ɗaya zai kwance kayansa, sau ɗaya zai ɗaure. Ba ruwansa da neman tasha ko jayayya da direba a cikin harshen da bai iya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dattijo mai ciwon gwiwa, ko magidanci mai tafe da iyali da ƙananan yara, ko wanda hutunsa bai wuce mako guda ba. Ga irin waɗannan mutane, wahalar da aka ɗauke musu ita ma kaya ce da suka saya.

Na uku kuwa, wanda shi ne ya fi ƙarfi, akwai abin da ba a gani sai daga kan ruwa. Duk rayuwar kudancin Masar a kan wani siririn zirin ƙasa take a gefen kogi biyu: gonakin rake da ayaba da dabino, masunta na dukan ruwa da sanda don koro kifi cikin koma, yara na wanka kusa da ɓaunar noma, sannan can baya kaɗan hamada ta miƙe ba ko tsiro. Wanda ya zauna a saman jirgi ya kalli wannan na wuni guda zai gane dalilin da ya sa ake cewa Nilu ne ran Masar fiye da yadda littafi zai fahimtar da shi, domin gani ya kori ji. Jirgin sama yana tsallake wannan darasi, mota kuwa tana wuce shi a guje.

Hujjar Masu Suka

Duk da haka, in ana maganar isa wuri ne kawai, jirgin ruwa ba shi da ta cewa. Tafiyar da yake yi a kwana uku ko huɗu, jirgin ƙasa na yin ta cikin kimanin awa uku, a kan kuɗin da bai kai ko kusa da na dare ɗaya a jirgin ruwa ba. Bugu da ƙari, ba duk kwanakin da aka biya ne ake yin su ana tafiya ba. Dare ɗaya ko biyu jirgin a ɗaure yake a bakin gaɓar Luksor ko Aswan, wani sashe na tafiyar kuma da dare ake yin sa, lokacin da ba a ganin komai. Tun da jiragen sun haura 200 kuma wurin tsayawa bai wadata ba, akan jera su gefe da gefe, huɗu ko biyar ko fiye, har fasinja sai ya ratsa ta cikin wasu jirage kafin ya taka ƙasa. Wanda ya biya kuɗin taga mai kallon kogi sai ya wayi gari yana kallon bangon wani jirgi, yana shaƙar hayaƙin injinsa.

Haka kuma kuɗin da ake bugawa a takardar talla ba shi ne kuɗin ƙarshe ba. Abin sha, a jirage da yawa har da ruwan gora, daban ake biya. Akwai tukwicin ma'aikata da na ja-gora da na direba, wanda Misirawa ke kira bakshish, kuma a aikace ya zama tilas. Zuwa Abu Simbel, gidajen bautar nan na Ramsis na Biyu da aka ɗaga zuwa kan tudu tsakanin 1964 da 1968, waɗanda ke nesa da Aswan da kusan kilomita 280, yawanci ba ya cikin lissafi. Mai tafiya shi kaɗai kuma akan caje shi ƙari, domin ɗakunan na mutum biyu ne. Sai an haɗa waɗannan ne ake sanin ainihin nauyin kayan.

Wani abin da ake biya ba da kuɗi ba shi ne 'yanci. Jiragen kusan jadawali ɗaya suke bi, don haka tare suke isa Idfu, tare suke isa Kom Ombo, fasinjojinsu su cika wurin a lokaci guda. Ja-gora na duban agogo, jirgi kuma ba ya jiran kowa. Ɗalibin tarihi da ke son ya yi rabin wuni yana nazarin zanen bango ɗaya ba zai samu ba. Ga shi kuma tun da a jirgi ake ci a jirgi ake kwana, matafiyi na iya gama zagayensa bai zauna a shagon mai shayi ba, bai shiga kasuwar gari ya yi hira da kowa ba. Mutanen gari ma kaɗan suke samu daga kuɗinsa. Abin da ake gani a Isna ya isa misali, inda 'yan tireda ke zuwa a ƙananan kwale-kwale suna jefa riguna da mayafai saman jirgi suna ciniki da ihu, domin ita ce kaɗai damar da suke da ita ta kaiwa ga aljihun baƙon da ba zai sauko ba.

Sannan akwai kasada. Wanda ya biya komai a dunƙule tun daga gida ya zuba ƙwansa a kwando ɗaya. Kamfanin da ya gaji sunan Thomas Cook kansa ya durƙushe a watan Satumba na 2019, ya bar dubban matafiya a ƙasashen waje. A watan Maris na 2020 kuma an sami mutum 45 da cutar korona a cikin jirgi ɗaya a Luksor, abin da ya nuna yadda ciwo ke saurin yaɗuwa inda jama'a ke cin abinci wuri ɗaya, suna zama wuri ɗaya.

Ina Gaskiya Take?

Idan aka ɗora hujjojin nan a kan ma'auni, za a ga cewa kowane ɓangare ya faɗi gaskiya, amma ba a kan mutum ɗaya suke magana ba. Mai yabo na magana ne a kan matafiyin da dama can otal mai tsada zai kama, a gidan abinci mai tsada zai ci, kuma ba zai iya fafutukar hanya ba. Ga wannan, jirgin ruwa ciniki ne mai kyau, har da gyara, wato kallon kogi. Mai suka kuwa na magana ne a kan matafiyin da ƙaramin masauki ya ishe shi, wanda zai ƙoshi da gurasa da wake a bakin titi, kuma ya iya ɗan Larabcin da zai yi ciniki. Ɗalibin da ke karatu a Alƙahira yana cikin wannan rukuni. Shi kam in ya shiga jirgin ruwa, ya sayi jin daɗin da bai nema ba, ya sayar da 'yancin da ya fi buƙata. Abin da ya fi masa shi ne ya hau jirgin ƙasa na dare daga Alƙahira zuwa Luksor, ya yi kwanakin da yake so, ya ƙarasa Aswan, sannan in yana marmarin kogi ya yi shatar faluka, wato kwale-kwalen nan mai tafiya da ƙarfin iska, na awa biyu ko na wuni guda. Da haka ya ɗanɗani Nilu ba tare da ya ƙarar da guzurinsa ba.

Ko ga wanda jirgin ruwan ya dace da shi, ribar ba ta tabbata sai ya yi bincike. Ya kamata ya tambaya a rubuce ko kuɗin shiga wuraren tarihi na cikin abin da ya biya, da awa nawa jirgin zai yi yana tafiya da rana, da inda zai kwana a ɗaure, da abin da za a mayar masa in tafiya ta fasa. Ya kuma lura da lokaci. Daga Oktoba zuwa Afrilu ne yanayi ke da daɗi, kuɗi kuma ke tashi. Da bazara farashi kan faɗi, amma zafin Aswan kan haura digiri 40, wanda ya ruɗu da rangwamen sai ya ƙare a ɗaki gaban na'urar sanyaya wuri, ya tabbatar da cewa araha ba ta ado.

Kammalawa

A taƙaice, tambayar ko jirgin ruwa ya fi sauran hanyoyi riba ba ta amsuwa sai an san abin da matafiyi ya fita nema. Mai neman isa da wuri ya nufi tashar jirgin ƙasa ko filin jirgin sama. Mai neman sanin gari da mutanensa ya bi tudu, ya kwana cikin jama'a. Mai neman hutu da ganin wurare da yawa cikin 'yan kwanaki, wanda kuma aljihunsa zai ɗauka ba tare da ya ci bashi ko ya taɓa abincin gidansa ba, shi ne jirgin ruwa ya yi wa rana. Wanda duk ya hau shi don kawai a ce ya hau, ko don hoton da ya gani a takardar talla, ya biya kuɗin kwana huɗu a kan tafiyar awa uku. Hausawa dai sun riga sun yanke hukunci tun tuni da suka ce, daidai ruwa daidai tsaki.