Maɗinkan Magariya, Ku Bar Wahalar Neman Zaren Gora

Matashin Magariya ko Dungas da ke son ɗinka ƙananan fitilun batir a hula ko riga ba ya bukatar zaren gora daga ƙasar Sin. Wannan zare ba ya ɗaukar lantarki. Zaren azurfa ko na ƙarfe mara tsatsa ke wannan aiki. Kuma galibin abin da ake kira zaren gora, itacen ne aka narkar da shi da sinadarai aka ja shi sili-sili. Tun 2009 hukumar kasuwanci ta Amurka take tuhumar kamfanonin da ke ɓoye wa masu saye hakan.

Masu yabonsa na cewa yana da laushi, yana shan gumi. Gaskiya ne, amma a zafin bazara nan illar take. Ya fi auduga riƙe danshi, gumi kuwa gishiri gare shi, yana dusashe azurfa, yana haɗa layukan wuta biyu fitila ta dishe. Zaren goran kan yi rauni in ya jiƙe, auduga kuwa ƙarfi take ƙarawa, ga ta jibge a Kantin Kwari da ke Kano, tsallaken iyaka. A kashe kuɗin kan zaren azurfa mai kyau, a ɗinka shi bisa auduga.