RA'AYINMU: Masaukin Baƙo a Abuja

Hutu ya gabato, ga shi kuma ƙungiyoyin sassa daban-daban na wannan jami'a sun fara karɓar kuɗi a hannun ɗalibai domin tafiya yawon buɗe ido Abuja. Haka nan wasu daga cikin yayyenmu da suka gama karatu suka kama aikin gwamnati, yanzu ne za a fara tura su can taro ko kwas. Da yawa daga cikinsu wannan ne zuwan fari. Mu dai muna goyon bayan wannan tafiya, domin tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma bai kamata ɗalibin da a ke sa ran gobe zai riƙe ƙasa ya san babban birninta a talabijin kaɗai ba. Amma akwai magana guda wadda masu shiri su kan bari sai an ɗaura kaya a mota, watau maganar masauki. A ganinmu ita ce ta kamata a fara yankewa, domin ita za ta nuna ko an ga gari ko an yi asarar guzuri.

Dalili kuwa shi ne Abuja ba irin garuruwan da muka saba da su ba ce. Kano da Zariya da Katsina sun girma ne a kewayen fada da masallaci da kasuwa, baƙo na iya sauka a ƙofar gari ya taka da ƙafa ya ga abin da ya kawo shi. Ita Abuja a takarda aka fara zana ta. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba batun sabon babban birni, ran 3 ga Fabrairu 1976 aka bayyana wurin da aka zaɓa, ba a kuwa tare ba sai ran 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Masu zanen sun shimfiɗa manyan tituna, suka ware unguwanni nesa da juna, kamar dai kowane mazaunin birnin zai mallaki mota. Saboda haka wanda ba shi da mota, kome zai yi a Abuja sai ya biya kuɗin tafiya, kuma inda ya kwana shi zai yanke yawan abin da zai biya.

To, kafin a tambayi sunan otel, sai a fara rubuta abin da a ke so a gani. Masallacin Ƙasa da aka gina a 1984, da Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa, da Dandalin Eagle, da Sakatariyar Tarayya, duk suna tsakiyar gari. Gaba kaɗan ga Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli a gindin dutsen Aso, ko da ya ke Majalisa ba a faɗa mata haka kawai, sai an rubuta takardar neman izini tun da wuri. Lambun Millennium, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disamba 2003, yana Maitama. Kasuwar Wuse da tafkin Jabi ba su da nisa daga nan. Dutsen Zuma da mu ke gani a jikin takardar Naira 100 shi ne ya fita waje, yana Jihar Neja a kan hanyar Kaduna, kusa da Suleja, garin da asali ya ke da sunan Abuja kafin ya bar wa sabon birni. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa mafi yawan abin kallo a dunƙule ya ke wuri ɗaya. Hankali kuwa sai ya ce a kwana kusa da shi.

Tarko na farko da ke kama ɗalibi shi ne araha. Za a zo a ce an sami ɗaki mai sauƙi a Mararraba ko Masaka ko Nyanya ko Gwagwalada, kwamiti ya yi murna ya ce ya yi wa jama'a tattali. Abin da ba a faɗa ba shi ne Mararraba da Masaka ma ba cikin Birnin Tarayya su ke ba, Jihar Nasarawa ce. Dubban ma'aikatan da haya ta kora daga cikin gari a can su ke kwana, da asuba su yi ayari su shigo, da yamma su yi ayari su koma. Baƙon da ya sauka can sai ya bi wannan ayari kai da komo, ya ƙare safiyarsa da maraicensa cikin cunkoson motoci. Tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya hau ƙwarai, tun 2006 kuma aka hana acaɓa a tsakiyar birnin, balle a ce za a hau babur a ratse. Idan aka tara kuɗin mota na mutum talatin, safe da yamma, har kwana uku, aka ɗora a kan kuɗin ɗaki, sau da yawa sai a tarar arahar ta tashi. Ko da ƙungiya ta zo da motarta, man da za a ƙona da sa'o'in da za a ɓata ba kyauta ba ne. Daɗin daɗawa, dawowar dare ita ke jefa baƙo hannun 'yan fashin nan masu fakewa da motar haya, waɗanda a ke kira 'yan wan-cas. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Kada a ɗauka muna raina waɗannan garuruwa. Mutanen da ke ɗauke da Abuja a kafaɗarsu can su ke zaune. Wani lokaci ma sauka a wajen gari ita ce daidai. Wanda ya biyo jirgin ƙasa na Kaduna zuwa Abuja, wanda aka buɗe a watan Yuli 2016, yana kuma nufin ganin Zuma da madatsar ruwa ta Usuma da masu ginin tukwane na Ushafa, to Kubwa ta dace da shi, tun da jirgin yana tsayawa a can. Abin da mu ke ƙi shi ne a zaɓi wuri don kuɗin ɗaki kawai, ba a duba taswira ba. Haka nan wanda ya ga an rubuta otel yana kusa da filin jirgin sama ya tuna cewa filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana wajen kilomita 40 daga tsakiyar gari.

Tarko na biyu kishiyar na farko ne, shi ne son a sani. Akwai manyan otel-otel a Maitama da Asokoro da tsakiyar gari, irin su Transcorp Hilton da aka buɗe a 1987, mai ɗakuna fiye da 600. An gina su ne domin jakadu da manyan 'yan kasuwa da masu taron ƙasa da ƙasa, suna kuma yin aikinsu. Amma mai yawon buɗe ido barci kawai ke kai shi ɗaki. Me zai sa ya biya kuɗin tafkin ninkaya da ba zai shiga ba? Wannan magana ta fi shafar 'yan'uwanmu sababbin ma'aikata. Saurayi ya karɓi kuɗin kwana daga ofis, ya ga abokan aiki sun sauka wuri mai tsada, kunya ta hana shi cewa ba zai iya ba, ya ci bashi. Wani kuma ya kwana gidan aboki, sa'an nan ya nemi a rubuta masa rasit na ƙarya ya kai ofis. Ƙaramin abu ne a ido, amma daga irin wannan rasit a ke koyon hannu, kuma mu da mu ke zagin manya kullum a kan cin amanar dukiyar jama'a bai kamata mu fara aiki da shi ba. Daidai ruwa daidai tsaki.

Tsakanin waɗannan biyu akwai matsakaitan masaukai a Garki da Wuse da Utako da Jabi, kusa da tashoshin mota da kasuwa da wuraren cin abinci na talaka. Nan ya kamata a fara nema. Amma ko nan ɗin sai an yi tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. A tambayi wuta: in an ɗauke, ƙarfe nawa a ke tada janareta, ƙarfe nawa a ke kashewa? Tun da aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga 'yan Rukunin A a watan Afrilu 2024, ga kuma tsadar man dizal, wannan tambaya ba ta wasa ba ce. A tambayi ruwa, na famfo ne ko na rijiyar burtsatse, yana kuma hawa bene? A tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 da ladan hidima da wasu wurare su kan ƙara. A tambaya mutum nawa aka yarda su kwana ɗaki guda, da lokacin da a ke sallamar ɗaki, wanda galibi ƙarfe 12 na rana ne. A tambaya ko akwai mashaya ko gidan rawa a harabar, domin wanda kiɗa ya hana barci ba zai ga kome ba da rana. Hotunan intanet kuwa kada su ruɗi kowa, mai kaya ba ya ɗaukar hoton bangon da ke yoyo. Zuwa da kai ya fi saƙo, in bai samu ba a roƙi wani tsohon ɗalibi mazaunin birnin ya je ya buɗe ɗakin ya gani. Kada kuma a tura kuɗin kafin alƙalami cikin asusun wani mutum, sai asusun da ke ɗauke da sunan otel ɗin.

Muna so mu ja hankali musamman a kan 'yan'uwanmu mata. Iyaye da yawa da ƙyar su ke yarda 'yarsu ta bi irin wannan tafiya, kuma amana suka ba ƙungiya. Lalle ne a ware musu ɗakuna a sashe guda, masu sakata ta ciki, a wurin da ke da mai gadi da littafin rubuta masu shiga da fita, a kuma sa wata malama ko babbar ɗaliba ta kwana kusa da su. In abin kunya ko na tsoro ya auku sau ɗaya, ba waɗanda suka je kaɗai zai shafa ba, ƙofa ce za a rufe wa ƙannensu shekara da shekaru.

Wani zai ce ina ruwanmu da otel, alhali muna da dangi a Abuja? Gaskiya ne al'adarmu ta san mai masauki tun zamanin fataken goro, sa'ad da Bahaushe kan sauka zango a Salaga ko Kumasi, mai gida ya ba shi ɗaki ya tsare masa kaya ya haɗa shi da mai ciniki. Amma shi wancan mai gida yana da lada a cikin cinikin. Ɗan'uwan da ke zaune da iyali a ɗaki ciki da falo a Karu ko Lugbe ba shi da kome sai nauyi. Wanda zai sauka wurinsa ya sanar da shi tun da wuri, ya faɗi ranar tashi, ya riƙo tsaraba, kada kuma ya jawo abokai biyar a bayansa. Baƙo raɓa ne.

Daga ƙarshe muna kira ga kowane kwamitin tafiya da ya yi abu uku kafin ya karɓi ko sisin wani. Ya kafa sunan masaukin da unguwarsa da kuɗin kowane ɗaki a allon sanarwa. Ya nuna aƙalla wurare uku da ya gwada farashinsu, da dalilin da ya sa ya zaɓi guda. Bayan an dawo kuma ya karanta rasit a gaban taron ƙungiya. Kuɗin nan daga kuɗin abincin ɗalibai aka tsame shi, wasu iyayensu hatsi suka sayar. Kwamitin da ya ƙi bayani, haƙƙin kowane ɗalibi ne ya riƙe kuɗinsa har sai an yi.

Masu tafiya kuma mu na roƙonsu su buɗe ido sosai. Su kalli gine-ginen da aka yi da dukiyar ƙasa, su kuma leƙa ƙauyukan Gbagyi waɗanda birnin ya tarar a wurin, su dawo su rubuto mana abin da suka gani, za mu buga. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.