Dandalin Littattafai: Haƙurin Soniya da Laifin Raskolnikof

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Rasha ne, domin mu duba wani littafi da Fiyodo Dostoyebski ya wallafa a shekarar 1866, wanda ma'anar sunansa ita ce Laifi da Hukunci. Marubucin ya san ɗacin ɗauri, don kuwa an kama shi a 1849, ya kuma yi shekara huɗu yana aikin wahala a kurkukun Omsk da ke Saiberiya.

Labarin ya faru ne a birnin Sant Fitasbag. Raskolnikof ɗalibi ne da talauci ya raba da jami'a. Ya saƙa a ransa cewa akwai wasu manyan mutane da doka ba ta hau kansu ba, waɗanda za su iya zubar da jini in buƙata ta taso. Don ya gwada ko yana cikinsu, sai ya ɗauki gatari ya kashe wata tsohuwa mai ba da rance a kan jingina. Ƙanwarta Lizabeta ta shigo ba zato, ita ma ya gama da ita. Ba wanda ya gan shi, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ya guji uwarsa da 'yar'uwarsa, ko kuɗin da ya sata bai taɓa ba, ya tura su ƙarƙashin wani dutse.

Ita kuwa Soniya yarinya ce 'yar kimanin shekara 18. Ubanta Marmeladof mashayi ne, matar ubanta tana fama da tarin fuka, ga yara uku ƙanana ba abinci. Dole ta sa ta shiga karuwanci don ta ciyar da gidan, ba ta kuwa taɓa ɗaga murya ga kowa ba.

To, a nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani, domin haƙurin Soniya iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ta yi da ubanta. Ya zo mata bayan ya shanye albashinsa, ta ɗauki 'yan kwabbai 30 da suka rage mata ta miƙa masa ba tare da ta ce uffan ba, ya koma mashaya da su. Wannan shiru ya sa shi jin kunya da kuka, amma bai raba shi da kwalba ba, har ranar da keken doki ya take shi ya mutu.

Na biyu shi ne wanda ta yi da Raskolnikof. Da ya bayyana mata asirinsa, ga shi kuma Lizabeta ƙawarta ce, ba ta gudu ba, ba ta kuma kai ƙararsa ba. Sai dai wannan karon ba ta yi shiru ba. Ta umurce shi ya je mararraba ya sumbaci ƙasar da ya ɓata, ya shaida wa jama'a abin da ya aikata, ta kuma yi alkawarin bin sa duk inda aka kai shi. Ya miƙa kansa, aka yanke masa ɗaurin shekara takwas a Saiberiya, ta kuwa bi shi. Ko a can ya daɗe bai yi nadama ba, yana ɗaure mata fuska, sai a ƙarshen littafin zuciyarsa ta karye ya faɗi gabanta yana kuka.

Jama'a, mun saba cewa mahaƙurci mawadaci, kuma gaskiya ne. Amma gidaje nawa ne ake ce wa mace ko ɗa su yi haƙuri, alhali mai laifin ba a ce masa komai ba? Irin wannan haƙuri shimfiɗa yake yi wa mai ɓarna ya ƙara miƙe ƙafa. Haƙurin da ya ceci Raskolnikof ya zo ne tare da faɗin gaskiya, ya kuma bar shi ya ɗauki hukuncinsa da kansa. Duk wanda ke da irin wannan mutum a gida, sai ya duba ya ga wanne daga cikin biyun yake yi.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.