Tambayar "Nawa Ne A Wata?" Ita Ke Cin Masu Sayen Mota

Ra'ayin da ya samu gindin zama tsakanin ma'aikata shi ne, muddin albashi zai iya ɗaukar biyan wata-wata, to mutum ya isa hawa mota. Wannan lissafin dokin Rano ne, kuma dila da banki ne kaɗai ke cin moriyarsa.

A ɗauki ma'aikacin da ya ga motar naira miliyan 7, ya ba da kafin alƙalami na miliyan 2, aka ranta masa miliyan 5 na shekara uku. An ce masa ruwan kashi 20 ne a shekara, zai riƙa biyan kimanin naira 222,000 duk wata. Abin da ba a fayyace masa ba shi ne, idan a kan ainihin miliyan biyar ɗin ake lissafa ruwan har ƙarshe, to yana biyan ruwa ne a kan kuɗin da ya riga ya mayar. Ruwan zai kai miliyan 3 cif, kuma in aka auna shi da ragowar bashin da ke kansa kowane wata, ya haura kashi 33. Motar miliyan 7 ta zama ta miliyan 10 tun ba a zuba mata ko lita ɗaya ba.

Sai inshora. Daga farkon 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga mafi ƙanƙantar inshorar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, amma mai ba da rance ba ya yarda da wannan. Cikakkiya yake so, wadda hukumar ta ce kada ta gaza kashi 5 na darajar motar. A misalin nan, naira 350,000 ke nan a shekarar farko, ban da kuɗin cike takardu, da na lamba, da la'adar dillali.

Masu gudun riba sukan koma tsarin murabaha, irin wanda bankin Jaiz ke yi tun da ya fara aiki a 2012, inda banki ke sayen motar ya sayar da ita da ribar da aka ƙayyade tun farko. Tsarin ya fi fitowa fili, amma ribar daga aljihu ɗaya take fita, kuma tambayar nawa ne jimillar kuɗin tana nan daram.

A filin dila kuwa, abin da ke ɓoye ya fi na takarda yawa. Mota tana sheƙi, an wanke injin tas, an fesa turare, dillali na rantsuwa cewa wata tsohuwa ce ta hau ta a Turai. Bakaniken da ya kwanta ƙarƙashinta ne zai ga sabuwar walda a salansa, inda aka yanke tukunyar tace hayaƙi da ake kira "indomi" aka sayar. Shi ne zai ɗaga kafet ya ga tsatsar ambaliya, ya kuma lura cewa sitiyari da birki sun cinye fiye da yadda mitar tafiya ta nuna. Da yawa daga motocin nan daga gwanjon waɗanda suka yi hatsari a Amurka aka kwaso su.

Takardun kwastan ma haka. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka 'yar Kwatanon da farashinta ya yi sauƙi fiye da kima tana iya zama wadda ba a biya wa haraji ba. Ranar da jami'ai suka tare ta a hanya, mai riƙe da makulli za a tuhuma, ba dila ba.

Masu kare sayen mota da bashi suna cewa in ba da bashi ba, ma'aikaci ba zai taɓa mallakar mota ba, ga naira kullum faɗuwa take yi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai waɗanda suka sa hannu a farkon 2023 sun yi lissafinsu ne kan litar mai ƙasa da naira 200. Aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, lita ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma haye 1,000 a 2024, alhali ana ci gaba da zare kuɗin wata daga albashinsu ko motar tana tafiya ko tana lulluɓe a ƙofar gida.