Annabi Iliya Ma Ya Gaji

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin masu bi a 'yan shekarun nan. Ba a cika faɗinta a lokacin shaida ba, sai a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada, murya ƙasa-ƙasa: "Ni dai na gaji." Ba kuwa abin mamaki ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na mudun masara suka yi tashin gwauron zabo, abin da ke shiga aljihu ya kasa cim musu. A jajibirin Kirsimeti na shekarar nan ta 2023 aka auka wa ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi, mutane suka yi bikin haihuwar Mai Ceto suna haƙa kaburbura.

Abin da ya dame mu shi ne amsar da wasu masu wa'azi ke bai wa mai irin wannan gajiya. Sai a ce masa bangaskiyarsa ce ta yi sanyi, ya ƙara azumi, ya zo addu'ar kwana. Wani ma ya ce masa ya shuka iri da ɗan abin da ya rage na cefane. Mutum ya zo a sauke masa kaya, ya koma gida da ƙarin dami, ga kuma kunya.

Mu buɗe Littafin Sarakuna na Fari, sura 19, mu ga yadda Ubangiji da kansa ya yi da bawansa. Iliya bai daɗe da tsayawa shi kaɗai a gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel ba, wuta ta sauko daga sama a kan idon jama'a. Amma da Yezebel ta aiko masa da barazanar kisa, sai ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Wannan fa annabi ne, ba sabon tuba ba.

To, me aka yi masa? Ba a tsawata masa ba. An bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi, ya nuna masa abinci da tulun ruwa a kusa da kansa. Ya ci, ya sha, ya sake kwanciya, aka ƙyale shi. Aka kuma tashe shi karo na biyu ya ƙara ci, domin tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana 40, a Dutsen Horeb, Ubangiji ya yi magana da shi, ba cikin iska mai ƙarfi ko girgizar ƙasa ko wuta ba, sai cikin 'yar murya mai laushi. Ciki aka fara kulawa da shi, kunne ya biyo baya.

Akwai kuma wani abu da mukan wuce da sauri in muna karatun wurin. Iliya ya yi ta kukan cewa shi kaɗai ya rage. Alhali kuwa a sura 18 Obadiya ya riga ya gaya masa baki da baki cewa ya ɓoye annabawa 100 a kogo yana ciyar da su. Gajiya takan ɓata wa mutum lissafi. Ubangiji ya gyara masa: akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Sa'an nan ya aike shi wurin Elisha, don kada ya ƙara tafiya shi kaɗai.

Ba sai mun je Isra'ila ta dā ba kafin mu ga haka. A watan Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne. Kafin shekarar ta ƙare, hedkwatar EYN ɗin da ke Kwarhi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, shugabanni suka koma Jos. Waɗanda suka tsere ba doguwar huɗuba ce ta fara riƙe su ba. Iyalai ne a Yola da Jos da sauran garuruwa suka shimfiɗa tabarmi, ɗaki ɗaya ya ɗauki gida uku, tukunya ɗaya ta ciyar da baƙin da ba a san sunansu ba. Ikkilisiyar da aka fara da sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923 ta koma Kwarhi, ta kuma yi bikin cika shekara 100 a 2023. Har yanzu akwai iyayen da ke jiran 'ya'yansu, ba mu manta ba.

Begenmu yana kan Yesu wanda ya tashi daga matattu, shi ne kuwa ya hura wuta ya gasa kifi a bakin teku domin almajiran da suka kwana suna jefa taru a banza, kafin ya yi wa Bitrus tambaya ko ɗaya.

Saboda haka muna kira ga dattawan ikkilisiya su duba kujeru ranar Lahadi. Wanda ya yi mako uku ba a gan shi ba, a je gidansa, a fara tambayar ko an ɗora tukunya kafin a tambayi dalilin rashin zuwansa. Hatsin godiyar kaka kada a sayar da shi duka don ginin majami'a. A ware buhunan gwauraye da marayu tun ranar da aka tara. Zumuntar Mata sun daɗe suna wannan aiki da mudu-mudu, maza su bi sawunsu. A kuma tuna da mai bishara na ƙauye, wanda kowa ke kai wa kukansa, a tambaye shi ko kuɗin watansa ya iso.