Ra'ayinmu: A Tambayi Ma'aikaci Kafin a Tuhume Shi

Kowace safiya, tun kafin mu ɗalibai mu farka, masu shara da masinjoji da masu dafa abinci sun riga sun kama aiki. Ran da ɗayansu ya makara, ko aka same shi yana gyangyaɗi, nan da nan sai a miƙa masa takardar tuhuma, a ce malalaci ne. Ba safai ake tambayar abin da ya baro a gida ba.

Alhali kuwa abin da ya baro ba ƙarami ba ne. Wani a asibiti ya kwana yana jinyar mahaifiyarsa, wata ta bar jinjiri a hannun maƙwabciya, wani mai gidan haya ya ba shi wa'adi. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka, kuma ko da yake a 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000, tsadar hatsi ta riga shi yin gaba. Duk da haka ma'aikaci ba zai buɗe baki ba, domin an tarbiyyantar da shi cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Saboda haka muna kira ga hukumomi da kamfanoni su fara da tambaya. Shugaban sashe ya kira mutum a keɓe, ya saurare shi, ya rufa masa asiri. A kafa asusun rance marar ruwa wanda za a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga albashi. A yarda mai jinya ya yi musayar lokacin aiki da abokinsa. A cika wa mata hutun haihuwa na mako 12 da Dokar Ƙwadago ta tanada, a kuma sa ƙananan ma'aikata cikin inshorar lafiya wadda dokar 2022 ta wajabta.

Wasu za su ce ofis ba gidan sadaka ba ne. To, amma direban da ya kwana bai runtsa ba, rayukan wa ya ɗauko? Kula da shi kiyaye aikin ne kansa.

Mu da ke karatu yau, gobe mu ne za mu riƙe alƙalamin tuhumar nan. Lalle ne mu koyi tambaya tun yanzu.