Garin Neman Gira: Marubucin Fim da Sabunta Manhaja

Wata rana da daddare, saura kwana uku a fara ɗaukar wani fim da na rubuta, na kunna kwamfuta don in gyara 'yan maganganu a fitowa ta ƙarshe. Sai ga saƙo cewa sabon zubin manhajar da nake rubutu da ita ya fito, wai ya fi na da sauri da kyawun gani. Ban yi dogon tunani ba na amince. Da aka gama sabuntawar na buɗe rubutuna, sai na tarar shafi 104 ya koma 107, lambobin wasu fitowa sun goce, kuma duk inda akwai ƙ ko ɗ ko ɓ an maye gurbinsa da wani ɗan akwati wanda babu komai a cikinsa. Ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba, amma daren nan ban runtsa ba, domin darakta da mataimakinsa da 'yan wasa duk suna riƙe da tsohon bugu, kuma a kansa aka tsara ranakun aiki.

Tun daga ranar na tsaya a kan ra'ayin da zan bayyana a nan. A ganina, abin da ya kamata a fara auna sabon zubin manhajar rubutun fim da shi shi ne riƙon amana, wato ya bar wa marubuci aikinsa yadda ya same shi. Sauran abubuwan da ake talla, kamar sababbin launuka da sababbin maɓallai, sai bayan wannan ya tabbata ne za a dube su.

Mai karatu zai iya tambaya: mene ne abin tayar da hankali don shafi uku sun ƙaru? Ai a littafin ƙagaggen labari ba wanda zai damu. Amsar ita ce rubutun fim ba don karatu kawai ake yin sa ba, takardar aiki ce wadda mutane da yawa suke lissafi da ita. Tun zamanin tafireta masana'antar fim ta Amurka ta tsayar da tsari guda: a yi rubutu da haruffan Courier masu girman lamba 12, waɗanda kowane harafi faɗinsa ɗaya da ɗan'uwansa, goma a cikin inci guda. Kan kowace fitowa ana rubuta shi da manyan baƙaƙe, a faɗi ko a ciki ne ko a waje, a faɗi wurin, a faɗi ko dare ne ko rana. Sunan mai magana yana da mazauninsa, maganarsa ma tana da nata. Saboda wannan daidaito ne ake ƙiyasta cewa shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a majigi, shi ya sa yawancin rubutun fim yakan tsaya tsakanin shafi 90 da 120.

Ba nan abin ya tsaya ba. Mai tsara aikin ɗauka yakan raba kowane shafi kashi takwas, ya ce fitowa kaza tsawonta shafi biyu da kashi uku cikin takwas, da haka yake sanin abin da za a iya ɗauka a yini guda da kuɗin da za a kashe. Idan an kusa fara aiki sai a kulle shafuka da lambobin fitowa. Daga nan in marubuci ya ƙara magana a shafi na 40 har ta yi yawa, ba za ta tura shafi na 41 gaba ba, sai a samar da 40A. In an cire wata fitowa, lambarta tana nan, a rubuta cewa an cire ta. Kowane gyara kuma ana buga shi a takarda mai launi dabam, daga fara zuwa shuɗiya, sai ruwan hoda, sai rawaya, sai koriya, don kowa ya san bugun da ke hannunsa. To, manhajar da ta gusar da layi ɗaya a irin wannan tsari ta taɓa aikin mutum hamsin ko fiye.

Don sauƙaƙa wannan wahala aka ƙirƙiro manhajojin tun farko. A farkon shekarun 1980 aka fito da Scriptor, wadda take karɓar abin da marubuci ya buga ta jera shi bisa ƙa'ida. A farkon shekarun 1990 Final Draft ta bayyana, ta yi ta bunƙasa har ta zama wadda aka fi sani a Hollywood, kuma a 2024 ta fitar da zubinta na 13. Akwai wasu kamar Movie Magic Screenwriter da Celtx da Fade In da WriterDuet. Dukkansu alkawarinsu ɗaya ne: kai ka ji da labari, mu mu ji da tsari. Sai dai a nan ne matsalar kasuwanci take ɓoye. Tsarin shafin fim bai sauya wani abin kirki ba cikin shekaru masu yawa, saboda haka manhajar da ta iya jera shafi shekara ashirin da suka wuce ta riga ta gama babban aikinta. Kamfani kuwa dole ya ci gaba da sayarwa, kuma ba zai sayar wa mutum abin da yake da shi ba. Sai a yi ta neman abin da za a ƙara don a sami dalilin sabon zubi. Wani ƙarin yana da amfani, wani kuwa nauyi ne kawai, kuma kowane ƙari ƙofa ce da sabon kuskure zai iya shigowa ta cikinta.

Amanar da nake magana a kanta kashi uku ce. Ta farko, kada manhaja ta ɓatar da abin da aka rubuta, ko da wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta tsaya cak. Ta biyu, fayil ɗin da aka rubuta da tsohon zubi ya buɗu a sabo, shafi a kan shafi, layi a kan layi. Ta uku, kada a sauya wa hannun marubuci hanya ba tare da dalili ba. Wanda ya shekara goma yana danna maɓalli guda don ya tashi daga sunan mai magana zuwa maganarsa, yatsunsa ne suke yin aikin, zuciyarsa tana can wajen labari. Ranar da aka mayar da maɓallin wani wuri, an fizgo hankalinsa daga labarin an dawo da shi kan na'ura. Sauƙin amfani na gaskiya shi ne mutum ya manta cewa akwai manhaja tsakaninsa da shafinsa.

Shekarar 2019 ta koya wa marubuta cewa akwai haɗarin da ya fi gocewar shafi. A watan Janairu kamfanin Adobe ya rufe manhajarsa ta rubutun fim mai suna Adobe Story. A ƙarshen watan Yuni kamfanin Amazon ya rufe tasa, Storywriter, wadda ya buɗe kyauta a 2015. Kamfanonin biyu sun ba da sanarwa tun da wuri don kowa ya kwashe kayansa, amma darasin a fili yake: wanda ya ajiye rubutunsa a rumbun wani kamfani kaɗai, zaman haya yake yi, kuma mai gida yana iya cewa a tashi. A watan Oktoba na shekarar kuma kamfanin Apple ya fitar da Catalina, sabon tsarin gudanar da kwamfutocinsa, wanda ya daina karɓar manhajojin da aka gina bisa tsohon tsari. Mutanen da suka sayi manhaja da kuɗinsu, tana yi musu aiki lafiya, suka wayi gari ba ta buɗuwa, sai dai su sayi sabon zubi ko su ƙi sabunta kwamfutar. A nan ko zaɓin zama da tsohon abu ma an ƙwace wa mutum.

Wannan ne ya sa wasu manyan marubuta suka ƙi motsawa sam. Eric Roth, wanda ya sami lambar Oscar saboda rubutun fim ɗin Forrest Gump na 1994, ya bayyana cewa yana rubutu ne da wata tsohuwar manhaja mai suna Movie Master, wadda take aiki a kan tsarin DOS, ba ta haɗuwa da intanet, kuma ba ta ɗaukar fiye da kimanin shafi 40 a fayil guda. Da ita ya yi nasa aikin a rubutun fim ɗin Dune na 2021. Ba ina cewa kowa ya yi koyi da shi ba ne. Abin lura shi ne mutumin da yake da halin sayen kowace manhaja a duniya ya fifita wadda ya tabbata ba za ta sauya masa hali da tsakar dare ba.

Na san za a ce mini sabo turken wawa, kuma akwai gaskiya a maganar. Kwamfutoci suna sauyawa, dole manhaja ta bi su. Ana gano ɓarakar tsaro, dole a toshe. Akwai kuma sabuntawar da ta amfani kowa. Alal misali, a 2009 Final Draft ta koma ajiye rubutu a wani tsarin fayil mai suna FDX, wanda sauran manhajoji suke iya karantawa, abin da ya sauƙaƙa wa marubuta musayar aiki ko da ba manhaja ɗaya suke amfani da ita ba. Haka nan damar da marubuta biyu suke da ita yanzu ta yin rubutu a shafi guda a lokaci guda, ɗaya a Landan ɗaya a Kano, ba ƙaramin ci gaba ba ne. Saboda haka ba sabuntawa nake ƙi ba. Abin da nake ƙi shi ne a fitar da zubin da bai nuna ba, a mai da masu saye 'yan gwaji, sa'an nan a bi su da faci bayan ɓarna ta riga ta auku. Ina kuma ƙin a haɗa gyaran kuskure da sauyin kamanni a ƙunshi ɗaya, ta yadda wanda yake son na farko dole ya haɗiye na biyu.

Ga mai rubutu da Hausa, lamarin yana da ƙarin nauyi, kuma ɗalibin harshen zai gane dalili nan take. Bambancin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko daidai da ɗaiɗai, ɗan lanƙwasa ne a kan harafi guda. Waɗannan haruffa suna cikin Unicode, wato babban kundin haruffan duniya da kwamfutoci suke aiki da shi, amma ba kowane nau'in haruffa ne yake ɗauke da su ba. Idan sabon zubi ya zo da nasa nau'in wanda babu su a ciki, ko dai su koma akwatuna, ko manhajar ta aro su daga wani nau'in mai faɗi dabam, layuka su goce. Marubutan finafinan Kano, waɗanda masana'antarsu ta faro da Turmin Danya a 1990, yanzu da yawansu suna rubuta shirye-shirye masu dogon zango, kashi bayan kashi, kuma dole rubutun wannan shekara ya dace da na bara. Daɗin daɗawa, manhajar da take neman intanet kafin ta buɗe, ko kuɗin wata-wata da dala, ba a yi ta da tunanin wanda yake aiki inda wuta take ɗaukewa kuma kuɗin intanet yake da tsada ba.

To, mene ne abin yi? Ga kamfanoni, roƙona shi ne su raba gyara da ado, su faɗi gaskiyar abin da zai sauya, su kuma bar wa mutum hanyar komawa tsohon zubi. Ga marubuci kuwa, rigakafi ya fi magani. Kada ka sabunta komai alhali kana tsakiyar aiki, bari sai ka miƙa. In sabon zubi ya fito, yi haƙuri na 'yan makonni, masu gaggawa su fara taka ƙayar. In za ka gwada, gwada da kwafin tsohon rubutu, ka duba adadin shafuka da lambobin fitowa da haruffan nan masu lanƙwasa. Kowane bugu da ka gama, fitar da shi a PDF, domin shi shafukansa ba sa motsi.

Mafi muhimmanci, ajiye kwafin rubutunka a tsarin da ba mallakar kowa ba ne. A 2012 marubucin fim John August da Stu Maschwitz da abokan aikinsu suka fito da Fountain, wata hanya ta rubuta fim da tsurar rubutu, wanda kowace kwamfuta da kowace waya suke iya buɗewa, manhajoji da dama kuma suna mayar da shi cikakken shafin fim. Fayil irin wannan ba ya jiran izinin wani kamfani, kuma in yau aka rufe manhajar da kake so, gobe sai ka buɗe shi a wata.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Manhaja, komai kyanta, aro ce: kamfani yana iya sauya ta, ya sayar da ita, ko ya rufe ta. Labarin shi ne naka. Ni dai tun daga wancan dare, duk lokacin da saƙon sabuntawa ya fito, sai in fara duba ko akwai wanda yake jiran shafukana. In akwai, sai in ce wa saƙon ya dakata tukuna.